Daga Gona Zuwa Ina? Sharhi a Kan Ƙaurar Ma'aikata da Arzikin Ƙasa

Duk wanda ya dubi tarihin ƙasashen da suka fita daga talauci cikin shekaru ɗari biyun da suka shige, na Turawa ne ko na gabashin Asiya, zai tarar da alama guda wadda ba ta saɓawa, watau a farkon al'amari galibin jama'a manoma ne, a ƙarshensa kuwa manoma sun zama 'yan kaɗan, alhali abincin da ake girbewa ya ƙaru ninkin-ba-ninkin. A 1900 kimanin kashi 40 cikin 100 na ma'aikatan Amurka a gona suke neman abinci, yau ba su kai kashi 2 ba. A ƙasar Sin, a 1978, cikin kowane mutum goma masu aiki bakwai manoma ne, yau ba su cika kashi ɗaya cikin huɗu ba. Wannan ya sa mutane da yawa, har da masu riƙe da ragamar mulki, suka ɗauka cewa barin gona shi kansa ci gaba ne, cikar birane kuma bushara ce ta arziki. Ni kuwa ina ganin an riƙi rabin gaskiya an saki rabi, kuma rabin da aka saki shi ya fi shafarmu.

Tushen maganar shi ne, arzikin ƙasa ba kome ba ne illa jimillar abin da hannuwan mutanenta suka samar a shekara, kuma tun a ƙarni na 14 Ibn Khaldun ya tabbatar a Muƙaddimarsa cewa kasabi ƙimar aikin ɗan Adam ne. Masana tattalin arziki na baya-bayan nan, tun daga Colin Clark a 1940 har zuwa Simon Kuznets, sun kasa ayyukan neman abinci kashi uku: noma da kiwo da su, masana'antu da gine-gine da haƙar ma'adinai, sa'an nan hidimomi, waɗanda suka tattara fatauci da sufuri da koyarwa da aikin asibiti da na banki da na gwamnati. To, ƙasa tana ƙara arziki ta ɗayan hanyoyi biyu. Ko dai ma'aikaci ya zauna inda yake amma aikinsa ya ƙara albarka, kamar manomin da ya samu iri mai kyau da taki da garmar shanu, ya ɗaure dami ashirin a gonar da a da ba ta ba shi goma. Ko kuwa ya tashi daga aikin da amfaninsa kaɗan ne ya koma wanda amfaninsa ya fi, ko da babu abin da ya canja a cikin ayyukan biyu. Wannan ta biyun ita ce abin bahasinmu.

A ƙaddara wata ƙasa tana da ma'aikata 100, 70 daga cikinsu manoma, kowanne yana samar da abin da ƙimarsa ta kai buhu 10 na hatsi a shekara, sauran 30 kuwa suna masana'antu, kowanne yana samar da abin da ya kai buhu 30. Jimillar arzikinta buhu 1,600 ke nan. Idan mutum 10 suka bar gona suka shiga masana'anta, gona za ta rasa buhu 100, masana'anta ta ƙaru da 300, jimilla ta tashi zuwa 1,800, ba tare da an ƙago sabon inji ko an koyi sabuwar dabara ba. Amma idan mutum goman nan suka iso birni suka tarar da ƙofar masana'anta a rufe, suka shiga tallan ruwan leda da katin waya, kowanne yana samun abin da bai wuce buhu 8 ba, to, jimilla za ta sauka zuwa 1,580, watau ƙasa ta yi hasara, ko da yake ƙididdiga za ta nuna manoma sun ragu, mazauna birni sun ƙaru. Mutanen su ne dai, tafiyar ma ita ce, masaukin ne ya bambanta, kuma a kan masaukin hukunci ya rataya.

Ratar da ke tsakanin gona da sauran ayyuka haƙiƙa ce wadda aka auna. Wani bincike da Douglas Gollin da David Lagakos da Michael Waugh suka buga a 2014 ya nuna cewa abin da ma'aikaci ɗaya ke samarwa a wajen gona yakan ninka na manomi fiye da sau uku; da suka yi la'akari da cewa manomi ba ya samun aikin shekara cur, kuma galibi karatunsa bai kai na ɗan birni ba, sai ratar ta ragu zuwa kimanin ninki biyu, amma ba ta ɓace ba. Kada a fahimci ragwanci a cikin wannan, gama wanda ya taɓa riƙe fartanya a watan Yuli ya san babu ragon manomi. Illar tana ga ƙarancin kayan aiki, da ƙanƙantar gonar da gado ya yi ta rarrabawa, da daminar da a ƙasar Hausa ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa suka kafa cin rani da sana'o'in rani, saƙa da rini da jima da ƙira da fatauci, a tafi bayan kaka a komo da faɗuwar ruwan fari.

Wanda ya fara tsara wannan mas'ala ta zama ƙa'ida shi ne Arthur Lewis, baƙar fata haifaffen tsibirin Saint Lucia, wanda ya koyar a Jami'ar Manchester, aka kuma ba shi lambar Nobel a 1979. A maƙalarsa ta 1954 ya bayyana cewa a ƙasashen matalauta akwai hannuwa a ƙauye fiye da buƙatar gona, har ta kai in an ɗebe wasu amfanin gandu ba zai ragu ba, domin waɗanda suka rage za su cike gurbin. Saboda haka mai masana'anta yana iya ɗaukar ma'aikata da yawa bisa ujurar da ta ɗara abin da suke samu a gida kaɗan, ba tare da ujurar ta hau ba. Ribarsa ta yi kauri, ya mayar da ita jari, ya ƙara injuna, ya ƙara ɗaukar wasu, haka haka har ranar da rarar hannuwan ƙauye za ta ƙare, sa'an nan albashi ya fara hawa a birni da ƙauye baki ɗaya. Sai dai ƙa'idar tana da sharuɗɗa biyu waɗanda masu karatun gaggawa sukan tsallake: a mayar da ribar cikin masana'anta, kada a kai ta bankunan waje ko a binne ta a filaye da gidaje, abinci kuma ya wadata, domin in gona ta kasa ciyar da birni, hatsi zai yi tsada, albashi ya bi shi, riba ta narke. Shi Lewis ɗin da kansa, da gwamnatin Ghana, tun ƙasar tana Gold Coast, ta neme shi a 1953 ya ba ta shawarar kafa masana'antu, abin da ya gabatar a kan kome cikin rahotonsa shi ne gyaran noman abinci.

Babu ƙasar da ta jarraba mas'alar ta fuska biyu, ta ɗanɗani ɗacinta da zaƙinta, kamar Sin. A 1958 gwamnatin Mao Zedong ta ƙudura sai ta tarar da Ingila wajen ƙera ƙarfe cikin 'yan shekaru, aka kwashe miliyoyin manoma aka sa su narka ƙarfe a ƙananan tanderu, amfani ya lalace a gonaki da yawa don rashin masu girbi, hukuma kuma ta ci gaba da karɓar hatsi bisa alƙaluman ƙarya da ake kai mata. Abin da ya biyo baya, daga 1959 zuwa 1961, musibar yunwa ce wadda ta hallaka miliyoyin rayuka, ƙarfen kuwa galibinsa bai amfanu ba. Bayan shekara ashirin aka sake gwadawa, amma aka fara daga gona. A ƙarshen 1978 magidanta 18 a ƙauyen Xiaogang na lardin Anhui suka yi yarjejeniya a asirce suka raba gandun hukuma tsakaninsu, kowane gida ya noma nasa, ya biya hukuma rabonta, ya riƙe saura. Da tsarin ya game ƙasa, hatsin da Sin ke girbewa ya tashi daga kimanin tan miliyan 305 a 1978 zuwa fiye da miliyan 400 a 1984. Da ciki ya cika, manomi ya samu abin saye, sai ƙananan masana'antu suka tsiro a garuruwa da ƙauyuka, waɗanda zuwa tsakiyar shekarun 1990 sun ɗauki fiye da mutum miliyan 100. A bakin teku kuma aka buɗe yankuna na musamman irin su Shenzhen a 1980, inda 'yan ƙauye suka fara da ɗinkin tufafi da takalma, daga baya suka koma harhaɗa wayoyi da kwamfutoci. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 800 ne suka fita daga matsanancin talauci a ƙasar cikin shekara arba'in.

Koriya ta Kudu ma a kan wannan tartibi ta tafi, ta raba wa manoma filayen manyan masu ƙasa tun a 1950, kana ta shiga sayar wa duniya tufafi da katako da gashin kanti, har kuɗin kayan da take fitarwa ya tashi daga dala miliyan 100 a 1964 zuwa dala biliyan 10 a 1977. To, mene ne sirrin masana'anta da ya sa ta zama masauki mafi albarka ga wanda ya baro gona? Tana iya ɗaukar mutumin da karatunsa bai yi zurfi ba ta koya masa aiki cikin 'yan makonni. Kayanta suna tafiya nesa, saboda haka ba ta dogara ga aljihun maƙwabta matalauta ba, tana iya faɗaɗa ba tare da farashi ya karye ba. Kuma wanda ya shige ta yana lebura yakan fito ya san inji, ya san kiyaye lokaci da ingancin kaya, wani ma ya fito ya kafa tasa. Bangaladash shaida ce a kan wannan na ƙarshe: a 1979 kamfanin Desh ya aika ma'aikata 130 Koriya su koyi ɗinkin tufafi a wurin kamfanin Daewoo, mafi yawansu daga baya suka tashi suka buɗe nasu, har yau tufafi sun wuce kashi 80 cikin 100 na abin da ƙasar ke fitarwa. Ba na ɓoye zaluncin da ke cikin wannan hanya. Ginin Rana Plaza da ya rufta a 2013 ya kashe fiye da mutum 1,100, kuma haƙƙin jininsu yana wuyan waɗanda suka tilasta musu shiga gini mai tsaga. Maganin wannan tsananta doka ne da ƙarfafa ƙungiyoyin ƙwadago, domin 'yar manomin da ta zo neman aiki ba ta da wata ƙofar.

Abin da ya faru a Asiya bai faru ko'ina ba. Margaret McMillan da Dani Rodrik sun bi alƙaluman ƙasashe da dama daga 1990 zuwa 2005, suka tarar a Asiya ƙaurar ma'aikata ƙara arziki ta yi, a Afirka da Latin Amurka kuwa rage shi ta yi, domin mutane suna fita daga ayyuka masu albarka suna shiga marasa albarka. Suka kuma lura cewa ciwon ya fi kama ƙasashen da suka dogara ga ma'adinai, da waɗanda suka bar kuɗinsu ya yi tsada fiye da ƙima. Al'amarin Afirka ya ɗan gyaru bayan shekarar 2000, amma galibin masu barin gona hidimomi suka shiga. Wanda ya san tarihin Nijeriya ba ya buƙatar tafsirin wannan.

Wajibi ne a tuna cewa ƙasar Hausa ba da noma kaɗai aka san ta ba. Lokacin da Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851 ya tarar da birnin da ginshiƙin arzikinsa saƙa ce da rini, tufafinsa suna kaiwa Timbuktu da Ghat da Tarabulus, har ya ƙiyasta ƙimar abin da ake fitarwa a shekara da wuri miliyan 300. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta juya hannuwa zuwa ga gyaɗa, har Nijeriya ta zama a shekarun 1960 ƙasar da ta fi kowace fitar da ita a duniya. Gwamnatin Jihar Arewa a ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello ta fahimci cewa fitar da ɗanyen kaya ba ya isa, shi ya sa aka kafa masaƙar Kaduna wadda ta fara aiki a 1957, wasu masaƙu suka biyo ta a Kakuri, Kano kuma ta samu unguwannin masana'antu a Bompai, daga baya Sharaɗa da Challawa. A wancan zamani silsilar ta haɗu: manomin Funtuwa da Gusau ya noma auduga, gidan gurza ya cire angurya, masaƙa ta saƙa ta buga zane, ɗan Kantin Kwari ya sayar, ɗan manomin da ya sauka Kaduna da 'yar jakarsa kuma ya samu aikin albashi. Tafarkin Lewis ke nan, kuma mun fara takawa.

Man fetur ne ya karkatar da tafiyar. An same shi a Oloibiri a 1956, amma sai da farashinsa ya ninka sau huɗu tsakanin 1973 da 1974 sa'an nan ya mamaye kome, kuma wannan ya zo daidai da farin da ya addabi Sahel, da cutar da ta cinye gyaɗa a 1975. Yadda dukiyar ma'adini ke raunana sauran sana'o'i sananne ne, har masana suna kiransa cutar Holan, saboda abin da ya samu masana'antun ƙasar bayan ta samu iskar gas. Dala ta kwararo, naira ta yi tsada, sai shinkafar waje da alkamar waje da yadin waje suka fi na gida rahusa, amfanin da muke fitarwa kuma ya kasa gasa. Ƙarin albashin ma'aikata na 1974, wanda aka sani da Udoji, ya cika birane da kuɗi, kwangilar gine-gine ta janye samari daga ƙauye. Rijiyar man kuwa, duk da ɗimbin dukiyar da ke fita daga cikinta, ba ta ɗaukar hannuwa sai 'yan ƙalilan. Saboda haka mutane suka bar gona tun ba ta ƙoshi ba, don ta daina biyansu, suka sauka a aikin gwamnati da leburanci da dillancin kayan da wasu ƙasashe suka ƙera. Kada a ce wannan abu ne da ba makawa, gama Indonesiya ma a wancan zamani ƙasar mai ce, mulkinta a hannun soja, cin hanci bai ƙaurace mata ba, amma ta zuba kuɗin man a taki da ban-ruwa da hanyoyin karkara, ta gina makarantun firamare fiye da 60,000 a shekarun 1970, ta karya darajar kuɗinta a 1978 don kare masu noma da masu ƙira, har ta wadatu da shinkafa a 1984.

Mu kuwa da farashin mai ya faɗi, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, masana'antunmu, waɗanda da yawansu da injunan waje da kayan waje suke aiki, suka wayi gari dala ta fi ƙarfinsu. Lantarki ya zama sai an yi sa'a, atamfar fasa-ƙwauri ta keto iyakoki ta cika Kwari, masaƙun Kakuri suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, har mafi girmansu, UNTL, ta tsaya a 2007. To, ina ma'aikatan suka tafi? Mutumin da ya shekara ashirin yana kula da injin saƙa bai ɓace ba. Ya ci bashi ya sayi babur ya shiga acaɓa, ko ya kafa tebur a bakin titi, ko ya koma gonar gado, da ilmin da ya tara a ƙirjinsa wanda babu mai saye. A lissafinmu na ɗazu shi ne wanda ya sauko daga buhu 30 zuwa buhu 8, kuma hasararsa hasarar ƙasa ce, ko da yake littafin ƙididdiga ba zai rubuta shi cikin marasa aikin yi ba.

A watan Afrilu na 2014 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sabunta ma'auninta, sai arzikin Nijeriya na 2013 ya bayyana kimanin dala biliyan 510, aka ga hidimomi sun kai kimanin rabinsa, noma bai kai rubu'i ba, masana'antun ƙira kuwa ba su kai ushuri ba. Wasu sun ɗauki wannan bushara, cewa mun tsallake matakin masana'antu mun shiga sahun manyan ƙasashe. Amma ɓangaren hidima gida biyu ne a ƙarƙashin rufi ɗaya. A ɗaya akwai bankuna da kamfanonin waya, waɗanda suka bunƙasa tun da aka ba da lasisin wayar salula a 2001, amfaninsu mai yawa, ma'aikatansu kaɗan, galibi masu takardar jami'a. A ɗayan akwai mai shayi da mai wankin hula da mai tura baro da ɗan adaidaita sahu da mai cajin waya, inda ƙofa a buɗe take ga kowa, amma kasuwar ba ta faɗaɗa da shigowar sabon mutum. Idan unguwa tana da masu shayi biyar aka ƙara biyar, shayin da ake sha bai ƙaru ba, cinikin ne aka raba goma. Binciken hukumar na 2023 ya nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya suna cikin ayyukan da ba su da rajista ko tsayayyen albashi.

Ba na ɗora laifi a kan saurayin da ya baro ƙauye, kuma ba na tare da masu yi masa wa'azin ya koma gona alhali 'ya'yansu suna birni. John Harris da Michael Todaro sun bayyana tun a 1970 cewa mai ƙaura yana auna albashin birni ne tare da yiwuwar samunsa, saboda haka muddin ratar tana da faɗi zai zo, ko da ya san zai daɗe yana jira. Ƙari a kan haka, da yawa daga masu barin ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Barno a shekarun nan tsoro ne ya koro su, kuma ƙaurar da bindiga ta haddasa ita ce mafi sharri ga arziki, domin gona ta rasa manomi, birni bai samu ma'aikaci ba. A Nijar kuwa, inda yuraniyom ɗin Arlit da matatar man Damagaram ba su ɗauki hannuwa da yawa ba, cin ranin mutanen Tawa da Maraɗi yakan ƙare a Kano da Ikko da Abijan da Libiya, watau masaukin ma a wata ƙasa yake.

Saura tambayar da masana suka yi saɓani a kanta: shin ƙofar da Koriya da Sin suka shiga tana buɗe har yanzu? Rodrik ya nuna cewa a ƙasashe masu tasowa na yau masana'antu suna fara raguwa tun ƙasar ba ta yi arziki ba, domin injunan zamani hannuwa kaɗan masu ilmi suke buƙata, Sin kuma ta riga ta cika kasuwa. Matatar Ɗangote da ke Lekki, mai iya tace ganga 650,000 a yini, babban aiki ne mai amfani, amma irin wannan jari ba shi ne zai haɗiye miliyoyin samarin da ke balaga kowace shekara ba. Wasu suna nuna Indiya su ce hidimar kwamfuta ta isa, alhali wannan sana'a mutum miliyan 5 da ɗoriya take ɗauka a ƙasar da jama'arta suka wuce biliyan 1.4, kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na ma'aikatanta suna gona har yau.

Abin da na fi karkata gare shi shi ne ƙofar ta ƙuntata amma ba ta rufe ba, kuma namu mashigin yana kusa da gona. Ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 200, da maƙwabta masu sayen kayanta tun daga Yamai har Njamena, tana da kasuwar da za ta ɗauki masana'antun sarrafa abin da take nomawa. Muna da dalili a hannu: madatsar Tiga da aka kammala a 1974 ta mayar da Kura da Kadawa wuraren da ake aiki rani da damina, kuma a gefen gonakin shinkafar nan masu turara ta da masu injin casa da masu motoci suka tsiro, watau hannuwa suka ajiye fartanya ba su bar garinsu ba. Muna kuma da gargaɗi: masana'antar tumatirin gwangwani da aka buɗe a Kadawa a 2016 ta sha tsayawa saboda ba ta samun ɗanyen tumatir isasshe a farashin da za ta iya, wanda shi ne ainihin abin da Lewis ya faɗa wa mutanen Ghana. Haka fatun da ake jemewa a Challawa da Sharaɗa, ana loda su zuwa Italiya da Sifen a yanka a ɗinka takalma da jakunkuna, watau aikin da ya fi ɗaukar hannuwa shi muke bar wa wasu, alhali ga dukawa a Kano, ga masu takalma a Aba.

Sharaɗin da in babu shi duk sauran zance ne, shi ne wuta. Abin da tashoshin Nijeriya ke kai wa jama'a a mafi yawan kwanaki tsakanin megawat 4,000 ne da 5,000, alhali Afirka ta Kudu, wadda mutanenta ba su kai sulusin namu ba, tana samar da abin da ya ninka wannan fiye da sau biyar. Mai injin niƙa ko walda ko ɗinki da ke sayen man dizal don kunna janareto yana biyan fiye da ninkin abin da abokin gasarsa na Guangzhou a ƙasar Sin ke biya, saboda haka ba ya iya ɗaukar yaro na biyu balle na goma, yakan zauna ƙarami har ya tsufa, ko ya rufe ya shiga sayar da kayan wancan abokin gasar. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta a cikin iyakokinsu, saboda haka yanzu gwamnan Kano ko na Kaduna ko na Katsina yana da hurumin ware unguwar masana'antu guda, ya tabbatar mata da wuta dare da rana, ya haɗa ta da hanyar da ke zuwa gonakin da za su ciyar da ita, ba tare da jiran Abuja ba.